Ranar Sha Biyar ga Wata

Ƙarfe huɗu na asuba a Foshan,
yayyafi na ƙwanƙwasa rumfar maƙwabta.
Ni kaɗai a kicin, ni da tukunyar ƙasa
wadda bakinta ya ɓantale tun ina ɗan shekara tara.
Ni na ɓantale ta. Ban taɓa faɗa ba.

Yau sha biyar ga watan sama,
ranar da Mama ba ta cin abin da ya taɓa numfashi.
Shekara arba'in ba ta tsallake ko ɗaya ba,
ba kuwa za ta fara yau ba
don kawai likita ya ce ta sha romon kaza.

Kofi guda na shinkafa, wanki uku,
har ruwan ya daina fari ya washe.
Ɗan gishiri, ɗigon man gyaɗa,
na ture ta gefe ta huta.
Mama kan ce shinkafa baƙuwa ce,
a bari ta zauna kafin a tambaye ta hanya.

Kofi goma na ruwa.
Citta yanka biyar, kowane sirit kamar takardar rasit.
Busasshiyar laimar kwaɗi da ta kwana a jiƙe,
ruwanta ya yi ja kamar shayi, shi ma na juye.
Wasu kan gitta tsinke ƙarƙashin murfi
don kada kunu ya yi bori ya kashe wuta.
Tamu ba ta buƙata, giɓin ya ishe ta.

Daga ɗaki muryarta ta zo, siririya:
"Zhiheng, kana juyawa?"
"Ina juyawa."
"Hannu ɗaya. Kada ka koma da baya, ruɗewa take."
Ludayin na nan rataye a ƙusa.
Ta sani. Na san ta sani.

A baranda, cikin tsoffin bokitan fenti,
ganyen coisam da ta shuka kafin a ba ta gado a asibiti.
Mako shida ina ba shi ruwa in na ajiye tasi,
wani daren na manta, wani daren barci ya kwashe ni a kujera.
Bokiti biyu sun bushe.
Na uku ya yi taurin kai, har da 'yan furanni rawaya,
katantanwa ta riga ni ɗanɗanawa.
Na tsinko abin da ta rage mana
da ruwan sama a ƙeyata.

Sa'a guda da rabi.
Kunu ba ya jin roƙo, ba ya jin hon.
Na juya, na kankare gindi, na juya,
har ƙwayoyin suka buɗe ɗaya bayan ɗaya,
abin da mutanen unguwarmu ke kira furen shinkafa,
ruwa da ƙwaya suka daina sanin iyaka.

Karan ganye ya fara shiga, shi ne mai gardama.
Ganyen kansa sai an kashe wuta,
zafin da ya rage ya ishe shi.
Kore ya bazu cikin fari.
Man riɗi, ɗigo uku. Farin masoro. Lawashi.

Na kai mata a kwanon nan mai zanen kifi,
na sa matashi biyu a bayanta.
Ta hura, ta kurɓa, ta rufe ido.
Cokali ɗaya. Biyu.
A na uku na daina ƙirga ɗigon rumfa.
"Ganyen ya wuce da numfashi guda," in ji ta,
amma ba ta ajiye cokalin ba.

Can ta ce, "A wace tukunya?"
"Ta ƙasa."
"Wadda ka ɓantale?"

Bas ɗin farko ya wuce a ƙasa, taga ta girgiza.
Ta miƙo kwanon ba ta dube ni ba.
"Tun ranar take dahuwa daidai.
Ƙaro min rabi, ka zubo naka ka zauna."